Kakar 2016: Wikki ce ta zubar da kofi, ko Rangers ce ta fi ƙarfinmu?

Ɗan Wunti ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga waɗanda suka bi gasar Firimiyar Najeriya ta 2016 da idonsu ce, ba waɗanda aka ba labari ba. Wikki Tourists ta Bauchi ce ta zubar da kofin shekarar nan da hannunta, ko kuwa dama na uku ne iyakar ƙarfinmu, mu ne kawai muke ƙara wa labarin gishiri duk shekara?

Ni tela ne, shagona yana bayan kasuwar Wunti, da ƙafa nake zuwa filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa. Yaran da ke koyon ɗinki a wurina ba su san komai ba sai Madrid da Arsenal. In na ambaci Wikki sai su kama dariya, wai Oga ƙungiyar da ba ta taɓa cin komai ba. Shi ya sa nake so a baje maganar a nan, manya su sa baki.

Ga abin da na riƙe. An fara da ƙungiyoyi 20, sai aka kori Giwa FC ta Jos bayan ta ƙi fita wasa har sau uku, aka share sakamakonta, kowa ya koma wasa 36. Rigimar har kotu ta kai. A ƙarshe Enugu Rangers ta gama da maki 63, Rivers United 60, mu 57. Godwin Obaje ya ci ƙwallo 18, babu wanda ya kamo shi a duk gasar. Abdu Maikaba ne koci. Kuma ba lallaɓowa muka yi daga ƙasa muka faɗo na uku a makon ƙarshe ba, a'a, mun hau saman teburi mun zauna, har 'yan jaridar Legas suka fara tambayar ina ne Bauchi.

Wanda bai ga garin nan a wancan lokacin ba, ba zai gane ba. Azumin shekarar a watan Yuni ya faɗo, lokacin da tela ba ya da lokacin kansa, ɗinkin Sallah ya taru har kan keke. Duk da haka ranar da Wikki ke gida, da an yi la'asar sai in tura ƙofar shago. Masu kaya su zo su tarar ba kowa, su ma da yawansu a filin za mu haɗu, sai a gaisa kawai, ba mai tada maganar shadda. Baki a bushe, rana na dukan ƙeya, amma ganga ba ta tsayawa. In Obaje ya karɓi ƙwallo kusa da raga, kafin ma ya buga mutane sun miƙe. Ga Alhassan Ibrahim, wanda ake kira Mu'azzam, yaro ƙarami a tsakiya, ƙwallo na bin ƙafarsa yadda yake so. Kuma shekarar ce Leicester ta ɗauki kofi a Ingila, saboda haka kowa a majalisa cewa yake bana shekarar talakawa ce, mu ma tamu ta zo.

To ni ga inda na tsaya. Ku yi lissafi da ni. Wasan gida 18 ne, ko duka ka cinye su ba ko canjaras, maki 54 ke nan. Ka ga makin gida kaɗai ba zai kai ka 63 ɗin Rangers ba, sai an ɗebo a waje, mu kuwa da 57 muka tashi. Tsakaninmu da Rangers maki 6 ne, wato nasara biyu. Wasa biyu kacal na waje, da aka ci mu, da mu muka ci, da yanzu wani labarin ake. Saboda haka ni a ganina a hanya muka zubar da kofin nan, ba a Bauchi ba. Wasu abokaina kuma sun dage cewa alƙalan wasa ne, wai an riga an ƙudurta sai an share wa Rangers hawayen shekara 32. Ni ban cika son wannan maganar ba, amma ina so in ji ta bakinku.

Na Pantami ya amsa:

Wa alaikumus salam. Maigida Ɗan Wunti, Allah ya ba ku haƙuri, kun kusa shekara goma kuna zaman makokin na uku.

Kafin in amsa, bari in tuna wa yaran shagonka wani abu, tunda kai ka manta da gangan. A 2007, da aka raba gasar gida biyu aka ƙare da wasan ƙungiyoyi huɗu na ƙarshe, Enyimba ce ta ɗauka, Gombe United ta zo ta biyu, Wikki ta uku, Kwara United ta huɗu. Mu muka tafi Kofin Zakarun Afirka a 2008, ku kuka tafi ƙaramin kofin Afirka, wato na Confederation. Jihar da aka cire daga jikinku a 1996, shekara 11 kacal ta sha gabanku. Na uku dai gadonku ne, ba a 2016 kuka fara ba.

Yanzu maganar gaskiya. A 2016 mu muna ƙasa muna fafutukar dawowa, sai ƙarshen shekarar muka hauro tare da Katsina United da ABS da Remo Stars. Saboda haka duk mai son ganin babban wasa daga Gombe, mota yake shiga ya biyo ta Alkaleri ya zo Bauchi, ni ma na sha yi. Na ga Wikki ɗin nan, ƙungiya ce ta gaske, ba na hassada. Amma Rangers ta fi ku, kuma ba a ƙafar 'yan wasa kaɗai ba. Sun fi ku sanin yadda ake kare wasa in abu ya yi tsami a gidan wani, su tsaya su tsinci maki ɗaya su koma. Ku kuwa salon Maikaba na ƙasa-ƙasa ne, a taɓa a ba wani, mai daɗin kallo a fili mai kyau. In aka je inda fili ya zama gona, ga 'yan kallo a wuya, sai salon ya ƙi ci.

Batun alƙalan wasa kuma, don Allah a bar shi. In an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sahu. Duk wanda ya san gasar nan ya san mai gida ba ya rasa ɗan tagomashi, a Inugu haka ne, a Pantami haka ne, a Bauchi ma haka ne. Ba za ka yi tafi ranar da aka busa maka fenareti a minti na ƙarshe ba, sannan in an busa wa wani a gidansa ka ce an yi taron dangi. Kuma ranar rufewa, 2 ga Oktoba, ci 4 da nema Rangers ta yi wa El-Kanemi Warriors, Chisom Egbuchulam shi kaɗai ya ci uku. Wane alƙali ne ya zura musu huɗu?

Direban Kudu ya amsa:

Ɗan Wunti ya ce a hanya aka zubar, to hanya sana'ata ce, bari in sa baki. Ni ban iya maganar salon wasa ba, amma na san abin da kwalta ke yi wa jikin mutum.

Ku ƙirga ƙungiyoyin shekarar. Na Kudu: Rangers, Rivers United, Ifeanyi Ubah, Enyimba, Abia Warriors, Heartland, Akwa United, Warri Wolves, Sunshine Stars, Shooting Stars, MFM, Ikorodu United. Sha biyu ke nan. Na wannan ɓangaren, bayan an cire Giwa, in ka ɗauke Wikki saura shida: Kano Pillars, El-Kanemi, Plateau United, Nasarawa United, Lobi Stars, Niger Tornadoes. Ke nan cikin tafiya 18 da Wikki za ta yi, 12 sai an gangara Kudu.

Daga Bauchi zuwa Inugu kaɗai, sai ka hau Jos, ka gangara Akwanga, Lafiya, Makurɗi, ka bi ta Otukpo kafin ka shiga ƙasar Inyamurai. In Fatakwal ko Uyo za ka, da sauran aiki a gabanka. Legas da Ibadan kuwa ba a magana, kwana ne a hanya. Ga shingayen jami'an tsaro, ga ramuka, ga damina. Ɗan wasa ya wuni a naɗe cikin bas, ƙafa ta kumbura, ya ci abin da ya samu a bakin titi, ya kwana a masauki mai arha, gobe ƙarfe huɗu a ce ya yi gudun minti 90. In makon da ake buga Laraba da Lahadi ne, yana dawowa gida ko wanki bai yi ba sai wani wasan.

Ita Rangers fa? Ifeanyi Ubah, Heartland, Abia Warriors, Enyimba, Rivers United, Akwa United, har Lobi ta Makurɗi, duk maƙwabtanta ne, tafiyar 'yan awoyi. Za su iya karyawa a gida su isa kafin azahar. Ban ce wannan ne ya ba su kofi ba, amma wanda ya ce bai taimaka ba bai taɓa zama a kujerar baya daga nan zuwa Fatakwal ba.

Kar kuma a manta shekarar da ake ciki. A watan Mayun 2016 ne litar fetur ta tashi daga naira 86 da kobo 50 ta koma 145, tattalin arziki ya karye, jihohi da yawa albashin ma'aikata ma gagararsu yake. Ƙungiyar da gwamnatin jiha ke ciyarwa, a irin wannan shekara, ba mai maganar jirgi.

Baba Mai Rediyo ya amsa:

Sannunku yara. Na karanta duka, kowa ya faɗi gaskiyarsa. Direba, Allah ya tsare hanya, maganarka ta fi ta kowa nauyi zuwa yanzu. Amma Kano Pillars ma daga Arewa take, ita ma bas take hawa, kuma ta ɗauki kofin nan a 2008, ta sake ɗauka sau uku a jere, 2012, 2013, 2014. Plateau United da ke nan Jos, hanyarmu ɗaya da ita, ta ɗauka a 2017. Ashe hanya tana gajiyarwa, amma ba ta hanawa.

Da farko Ɗan Wunti, ka gaya wa yaranka su daina cewa Wikki ba ta taɓa cin komai ba. A 1998 ta ɗauki Kofin Ƙalubale na ƙasa, an tashi ba ci tsakaninta da Plateau United, aka je bugun fenareti ta yi nasara. Lokacin ƙungiyar ba ta fi shekara bakwai da kafuwa ba. Ina cikin waɗanda suka kasa kunne a rediyo ranar, kuma daren nan ba a yi barci da wuri a garin nan ba. Waɗanda ke maka dariya ba a haife su ba.

Tambayarka kuwa, ni a wurina ba a 2016 aka yi asarar ba. Na uku a gasar da Enyimba da Pillars ke ciki, ga wanda ya fi kowa cin ƙwallo a hannunka, wannan ba zubarwa ba ce, tubali ne. Ƙungiyar da ta zo ta uku bana, in aka bar ta yadda take aka ƙara mata mutum biyu ko uku, ita ake tsoro baɗi. Asarar tana cikin watannin da suka biyo bayan rufe gasa.

Ku duba abin da ya faru. Maikaba ya koma Akwa United, Mu'azzam ya bi shi. A 2017 Maikaba ya ɗauki kofin Aiteo (sunan Kofin Ƙalubale a lokacin) da Akwa, suka doke Niger Tornadoes a fenareti. Mu'azzam kuwa bai ma ƙarasa shekarar a Uyo ba, Austria Wien ta ɗauke shi zuwa Turai. Obaje ya koma Ifeanyi Ubah. To da wa za a shiga gasar Afirka da aka sha wahala aka samo? Watan Fabrairun 2017 aka haɗa mu da ƙungiyar sojojin Saliyo, RSLAF. Suka ci mu 2 da nema a can, muka ci 1 da nema a nan, shi ke nan, tun a zagayen share fage aka sallamo mu. Sauran kakar kuma ba neman kofi muka yi ba, neman tsira muka yi.

Kai tela ne, za ka fi kowa ganewa. A ce duk bayan Sallah ka sallami yaran da hannunsu ya faɗa, ka ɗebo sababbi waɗanda ko zare ba su iya sa wa keke ba, sannan ka zauna kana mamakin me ya sa shagon maƙwabci ya fi naka ciniki. Pillars da na ambata, sirrinta ke nan. Rabi'u Ali da Gambo Muhammad shekara da shekaru suna sanye da riga ɗaya, yaro ya taso ya san su, sabon ɗan wasa ya zo ya tarar da manya a ɗaki.

Me ke kawo watsewar? Ba sai an yi duba ba. Yawancin 'yan wasan gasar nan yarjejeniyar shekara ɗaya ko biyu suke sa wa hannu, wani ma aro aka yi shi daga wata makarantar ƙwallo. Da kaka ta ƙare, wanda ya haskaka ya zama na mai rabo, ƙungiyar da ta raine shi ba ta samun abin kirki. Kuɗin ƙungiya kuma daga baitulmalin jiha yake fitowa, sai an rubuta takarda, ta bi ofis-ofis, a sa hannu, a jira. Kafin a saki kuɗin riƙe ɗan wasa, mai kuɗi a hannu ya riga ya kira shi a waya. Kuɗin ƙofa ba ya riƙe ƙungiya, balle mu da rabinmu so muke a buɗe ƙofa kyauta bayan hutun rabin lokaci. Ban ware kaina ba.

Kuma don kar a ce cutar Bauchi ce kaɗai: ita kanta Rangers ɗin, bayan ta jira tun 1984, me ya same ta? Egbuchulam ya tafi Suwidin, Zamalek ta Masar ta fitar da su daga Kofin Zakarun Afirka, suka koma can ƙasan teburi, kafin a je ko'ina an sallami Imama Amapakabo, kocin da ya kawo musu kofin. Watanni kaɗan tsakanin ɗaga shi sama da nuna masa ƙofa.

Ɗan Wunti ya sake rubutawa:

Baba, Allah ya ƙara girma, na gode. Zancen 1998 gobe da safe zan karanta wa yaran nan shi kafin kowa ya hau keke.

Amma Baba ka yi mini haƙuri, ban sauka daga kan maganata ba. Duk abin da ka faɗa game da 2017 haka yake, sai dai a gasar da kowa ke watsewa duk shekara, wa ya ba ka tabbacin baɗi? Kai da kanka ka kawo misalin Rangers. Su sun san dama ba ta zuwa sau biyu, suka damƙe tasu, ko da suka rushe daga baya kofin na cikin kabad ɗinsu. Plateau ma a 2017 haka ta yi. Mu ne muka riƙe tamu da yatsa biyu. Shekarar Enyimba mai riƙe da kofi hankalinta ya rabu da wasannin Afirka, Pillars ba ta kan ganiyarta, Rivers United kuwa a shekarar aka haɗa ta daga Sharks da Dolphins. Yaushe za a sake samun manya duk sun yi gyangyaɗi lokaci ɗaya haka?

Direba, lissafinka na 12 da 6 ban taɓa yin sa ba, ya shige ni. Sai dai ina ganin a watanni biyun ƙarshe, da aka ga kofi na leƙowa, ya kamata a ce masu hali na jihar nan sun haɗa hannu, ko tafiya biyu ko uku mafi nisa a ɗauke wa yaran nan wahalar mota. Muna da attajirai, muna da 'yan siyasa masu son a ambaci sunansu a fili. Ba a rasa kuɗin ba.

Kai kuma Na Pantami, na ji zancen 2007, na haɗiye. Amma tunda tarihi kake so: kun hauro a ƙarshen 2016, kuka koma a 2017 ko zama ba ku gyara ba. A 2024 kuma ku biyu kuka faɗa gasar 'yan dagaji rana tsaka, Gombe United da Doma United, fili ɗaya, gari ɗaya. Wannan ko mu ba mu taɓa yi ba.

Na Pantami ya sake amsawa:

Ai dole ba ku taɓa yi ba maigida, sai mai ƙungiya biyu yake iya faɗuwa da biyu. Kuma da muka sauka a 2024 wa muka tarar a can? Ku ne, kun riga mu da shekara guda, tun 2023, har kun san inda ake sayar da ruwan sanyi.

Baba Mai Rediyo, ranka ya daɗe, ina da roƙo. In kana tuna 'yan wasan da suka buga wa Wikki wasan ƙarshen nan na 1998, ka jero mana su a wani zaren daban. Akwai wani dattijo a unguwarmu nan Bolari da ya dage cewa har da 'yan Gombe a cikinsu, mun yi musu har mun gaji, ba mai raba mu.